Ranar da Aka Sallama Gasar Firimiya

Da safiyar Litinin, 18 ga Mayun 1992, shugabannin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa 22 suka hallara a otal ɗin Royal Lancaster da ke birnin Landan domin su yanke shawara guda ɗaya: wace tashar talabijin za a sallama wa haƙƙin nuna wasannin sabuwar gasar da suka kafa, wadda ko wasa ɗaya ba a buga a cikinta ba tukuna. Kafin su shiga zauren taro, wakilin ITV ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa musu ambulan mai ɗauke da tayin kamfaninsa na ƙarshe, fam miliyan 262 na tsawon shekara biyar. Alan Sugar, wanda bai cika shekara guda da karɓar ragamar Tottenham ba, ya buɗe tasa ya karanta, sannan ya nufi wayar tarho da ke harabar otal ɗin. Ya kira Sam Chisholm, shugaban kamfanin BSkyB, ya kwarmata masa adadin, ya ce masa ya ƙaro kuɗin da zai binne ITV da ransa. Da ƙarfi yake maganar, har mutanen ITV ɗin suka ji shi.

BSkyB ya dawo da sabon tayi, tare da BBC a matsayin abokin tafiya, kuma jimillar da aka shelanta wa duniya ita ce fam miliyan 304. Da aka kaɗa ƙuri'a, ƙungiyoyi 14 suka amince, shida suka ƙi, biyu suka ƙaurace. Ana bukatar kashi biyu bisa uku kafin shawara ta wuce, saboda haka da ƙuri'a ɗaya ta koma ɗaya ɓangaren da cinikin ya wargaje. Sugar kuwa shi ne mamallakin Amstrad, kamfanin da ke ƙera farantan kama tauraron ɗan adam da masu kallon Sky ke kafawa a bangon gidajensu. Bai ɓoye wannan ba, takwarorinsa kuma suka bar shi ya kaɗa ƙuri'arsa. ITV ya garzaya kotu, kotu ta sallame shi hannu rabbana.

Daga wannan zama ne aka fara tserereniyar da ta kai farashin wasa ɗaya na minti 90 sama da fam miliyan 10. Ana yawan danganta wannan hauhawa da farin jinin ƙwallo, amma ƙwallo tana da farin jini tun kafin a ƙirƙiro talabijin, kuma ta shafe shekaru da dama ana sayenta a arha banza. Duk lokacin da farashinta ya yi tsalle, idan aka duba da kyau za a tarar akwai kamfani biyu da kowannensu ke tsoron ɗayan zai raba shi da wata sana'a daban, ko dai sayar da fina-finai, ko layin intanet, ko kayan kanti. Duk lokacin da tsoron ya lafa, farashin ma sai ya lafa.

A farkon lamari ma ƙungiyoyin ne ba sa son talabijin. BBC ta fara gwada nuna ƙwallo a watan Satumban 1937, da wani wasa da aka shirya musamman tsakanin Arsenal da 'yan wasanta na ajiya. A Satumban 1960 ITV ya nuna wasan Blackpool da Bolton kai tsaye, amma tauraron da ake jira, Stanley Matthews, bai buga ba saboda rauni, filin bai cika ba, sannan Arsenal da Tottenham suka hana a shigo musu da na'urorin ɗaukar hoto. Yarjejeniyar ta mutu a nan, kuma sai da aka shekara 23 kafin a sake nuna wasan gasar rukuni kai tsaye. Hujjar shugabannin ƙungiyoyi ba ta rasa tushe ba. Kuɗin ƙofa ne kusan dukan abin da suke samu, kuma suna ganin wanda zai iya kallo daga kujerar ɗakinsa ba zai fito cikin sanyi da ruwan sama ya biya kuɗin shiga ba. Jagoran masu wannan ra'ayi shi ne Bob Lord, wani attajirin mahauci da ke shugabantar Burnley, wanda ya shafe shekaru yana hana BBC shiga filinsa. Da matsin lambarsa aka kafa dokar hana nuna kowane wasa kai tsaye a Ingila ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, wato lokacin da aka saba buga yawancin wasanni.

Abin da aka yarda da shi shi ne tsakuren wasa bayan an tashi. Shirin Match of the Day ya fara ranar 22 ga Agustan 1964, da wasan da Liverpool ta ci Arsenal 3 da 2. Tashar BBC2 da ta nuna shi ba ta wuce Landan da kewaye ba a lokacin, kuma an ƙiyasta mutum 20,000 ne suka kalla, adadin da bai kai rabin waɗanda suka shiga filin Anfield ba. A tsakiyar shekarun 1960 fam 5,000 BBC ke biya a kaka guda, a raba wa ƙungiyoyi 92 na rukunai huɗu daidai wa daida. Kowace ƙungiya ta tashi da 'yan fam hamsin da wani abu.

Dalilin wannan arha a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa kai dabba kara. Masu saye biyu ne kacal a kasuwar, BBC da ITV, kuma sun haɗa baki suna tayawa tare. Mai kaya yana iya cewa albarka sau goma, amma idan babu mai saye na uku, a ƙarshe dole ya sallama. A 1978 Michael Grade na ɓangaren ITV ya yi yunƙurin ƙwace tsakuren wasannin shi kaɗai ta bayan fage, hukumar kula da adalcin kasuwanci ta shiga tsakani, aka koma ana karɓa-karɓa. Da aka dawo da nuna wasa kai tsaye a Oktoban 1983, tashoshin biyu fam miliyan 5.2 suka haɗa suka biya na shekara biyu.

Shekarar 1985 ce ta nuna wa ƙungiyoyin iyakar ƙarfinsu. A watan Mayu gobara ta kashe mutum 56 a filin Bradford, bayan mako biyu da 'yan kwanaki kuma mutum 39 suka mutu a filin Heysel na Beljiyam kafin wasan Liverpool da Juventus, aka dakatar da ƙungiyoyin Ingila daga gasannin Turai. Filaye sun tsufa, 'yan daba sun kori iyalai daga kallo, gwamnatin Margaret Thatcher kuma tana kallon ƙwallo a matsayin matsalar tsaro. A wannan yanayi ne shugabannin ƙungiyoyi suka raina tayin BBC da ITV, su kuma tashoshin suka naɗe tabarmarsu. Rabin farko na kakar 1985 zuwa 1986 ya wuce ba a ga wasan gasar ko ɗaya a talabijin ɗin Ingila ba. Frank McAvennie, ɗan Sukotilan da West Ham ta sayo, yana kan gaba a cin ƙwallaye a watannin nan, amma yana yawo a titunan Landan babu wanda ya san fuskarsa. A watan Disamba ƙungiyoyin suka dawo da ƙoƙon bara, suka karɓi fam miliyan 1.3 na ragowar kakar.

Mai saye na uku ya zo ne daga sama, ta tauraron ɗan adam. A 1988 wani sabon kamfani mai suna BSB, wanda ko fara watsa shirye-shirye bai yi ba, ya taya wasannin da kuɗi mai tsoka. Wannan barazana kaɗai ta isa ta raba BBC da ITV. Greg Dyke, mai kula da harkar wasanni a ITV, ya kewaye hukumar gasar ya nufi manyan ƙungiyoyi biyar na wancan zamani, wato Arsenal, Everton, Liverpool, Manchester United da Tottenham, ya yi musu alkawarin kaso na musamman. A ƙarshe ITV ya biya fam miliyan 44 na shekara huɗu, kuma kashi 75 cikin 100 na kuɗin ya tafi rukuni na ɗaya. Cikin shekara uku kacal, hajar da aka rasa mai tayawa ta koma ta fam miliyan 11 a shekara, alhali filayen da 'yan wasan duk su ne na jiya. ITV ya ci ribar cinikinsa a daren Juma'a 26 ga Mayun 1989, lokacin da Michael Thomas ya ci wa Arsenal ƙwallo ta biyu a ƙarshen wasa a Anfield, ya ƙwace kofi daga hannun Liverpool a gaban miliyoyin masu kallo.

Makonni shida kafin wannan dare aka yi turmutsitsin Hillsborough, wanda adadin mamatansa ya kai 97. Rahoton Alƙali Taylor na Janairun 1990 ya ba da shawarar a rushe wuraren tsayuwa a sanya kujeru a filayen manyan ƙungiyoyi, aikin da ke bukatar maƙudan kuɗin da babu su. A ƙarshen 1990 Dyke ya gayyaci wakilan manyan biyar ɗin cin abincin dare, aka tattauna yadda rukuni na ɗaya zai ɓalle daga sauran ƙungiyoyi 70, ya riƙa sayar da wasanninsa da kansa yana riƙe kuɗinsa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, wadda ta daɗe tana takun-saƙa da hukumar gasar, ta sa albarka. Dyke ya yi duk wannan ne da tabbacin cewa sabuwar gasar a tasharsa za ta sauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuskurensa shi ne ya manta da ƙananan ƙungiyoyi. A tsarin sabuwar gasar kowace ƙungiya ƙuri'a ɗaya take da ita, kuma irin su Wimbledon da Oldham da Coventry sun shafe shekara huɗu suna kallon ITV yana nuna manyan biyar yana watsi da su. Ga shi kuma Irving Scholar, wanda ya wakilci Tottenham a wancan cin abinci, ya bar kujerarsa, Sugar ya hau. Cikin manyan biyar ɗin Tottenham ce kaɗai ta zaɓi Sky.

Shi kuwa BSkyB, halin da yake ciki ne ya sa shi yin tayin da ya wuce hankali. Rupert Murdoch ya ƙaddamar da Sky a Fabrairun 1989, ya yi ta gwabzawa da BSB har dukansu biyu suka kusa ƙarewa, sannan suka haɗe a Nuwamban 1990 suna asarar miliyoyin fam a kowane mako. Sun zuba dukiya wajen sayen fina-finan Amurka, amma fim ba ya sa magidanci ya huda bangon gidansa ya kafa faranti, domin wanda bai kalla yau ba zai ɗauko kaset ɗinsa haya gobe. Wasan ƙwallo daban ne. Da zarar an busa tashi darajarsa ta zube, kuma mai goyon bayan Liverpool ba zai karɓi wasan Everton a madadinsa ba. ITV talla yake sayarwa, don haka abin da zai iya biya bai wuce abin da masu talla za su ba shi ba. Sky kuwa kuɗin wata yake karɓa daga kowane gida, watan da ake wasa da wanda ba a yi. A 1996 Murdoch da kansa ya shaida wa masu hannun jarin kamfaninsa cewa wasanni ne gungumen da zai riƙa fasa ƙofar kasuwanni da shi.

Ranar 16 ga Agustan 1992 Sky ya nuna wasansa na farko, Teddy Sheringham ya ci wa Nottingham Forest ƙwallo ɗaya tilo a ragar Liverpool. Wasa 60 ake nunawa a kaka, an ƙirƙiro wasan daren Litinin, an ƙara yawan na'urorin ɗaukar hoto, an liƙa agogo da sakamako a kusurwar allo. Fam miliyan 304 ɗin da aka shelanta ba ta taɓa cika ba, abin da ya fito daga aljihun Sky bai wuce miliyan 191 da ɗoriya ba. Amma a zagaye na gaba, na 1997, ya biya miliyan 670 na shekara huɗu, a 2001 kuma aka haura biliyan guda. Tsarin rabon kuɗin ya taimaka wajen raya gasar: rabi a raba daidai, rubu'i bisa matsayin da ƙungiya ta ƙare, rubu'i bisa yawan nuna ta. A Sifaniya, inda Real Madrid da Barcelona suka daɗe suna sayar da wasanninsu kowa da kansa, sauran ƙungiyoyi ragowa suke samu har zuwa 2015. Murdoch ya so ya zauna a ɓangarori biyu na teburin ciniki, ya taya Manchester United fam miliyan 623 a 1998, amma gwamnati ta hana a Afrilun 1999.

Nasarar Sky ta yaudari mutane da yawa. Wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha duka. ITV Digital ya ɗauka kowace irin ƙwallo tana jawo masu biya, ya sayi wasannin ƙananan rukunai kan fam miliyan 315 na shekara uku. Masu kallo ba su zo ba. Kamfanin ya durƙushe a 2002 da bashin kusan miliyan 180 na ƙungiyoyin, waɗanda sun riga sun ƙulla kwantiragin 'yan wasa bisa kuɗin da ba za su taɓa gani ba, kuma da dama cikinsu suka faɗa hannun masu kula da karyayyun kamfanoni.

Sai Hukumar Tarayyar Turai ta shigo da niyyar kare mai kallo. Ta ce bai halatta kamfani ɗaya ya riƙe dukan wasannin ba. A gwanjon 2006 aka kasa su kashi shida, aka hana kowa ɗaukar duka. Setanta na ƙasar Ayilan ya ɗauki kashi biyu kan fam miliyan 392, Sky ya ɗauki huɗu kan biliyan 1.3, jimilla ta tashi daga biliyan 1.02 zuwa biliyan 1.7. A nan ne masu dokar suka yi tuya suka manta da albasa. Gogayya tana sauƙaƙa farashi ne idan 'yan kasuwa biyu suna sayar da haja iri ɗaya, mai saye ya zaɓi mai rahusa. A wannan tsari kowane wasa yana hannun tasha ɗaya tak, saboda haka mai son ganin dukan wasannin ƙungiyarsa dole ya biya biyun. An samar da gogayya a wajen saye, inda ƙungiyoyi ke cin riba, ba a samar da ita a wajen sayarwa ba. Setanta ya kasa biyan kason da ke kansa a Yunin 2009, reshensa na Birtaniya ya rufe, ESPN ya gaji wasanninsa.

Wannan guguwa ta 2007 ta kaɗa har Afirka, kuma masu gidajen kallon ƙwallo na Kano da Kaduna da Jos ba su manta da ita ba. Tun bayan da Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, Jay-Jay Okocha ya je Bolton a 2002, Mikel Obi kuma ya shiga Chelsea a 2006, gasar Firimiya ta zama tamkar gasar gida a Najeriya, kuma SuperSport na kamfanin MultiChoice ne ke kawo ta ta DStv. A 2007 wani sabon kamfanin Najeriya, HiTV, ƙarƙashin Toyin Subair, ya ƙwace kaso mafi tsoka na wasannin a Najeriya, yayin da GTV ya yi haka a sauran ƙasashe da dama na kudu da Sahara. Mutane sun yi murna da ganin ɗan gida ya kayar da kamfanin Afirka ta Kudu. Mai gidan kallo kuwa sai ya tarar dole ya sayi dikoda ta biyu da faranti na biyu, ya riƙa biyan kuɗin wata biyu, ga man janareta, alhali abin da matashi ke biya a bakin ƙofa bai ƙaru ba. GTV ya rufe kwatsam a Janairun 2009, ya bar masu dikodarsa da baƙin allo a tsakiyar kaka. HiTV ya kasa cika sharuɗɗan kuɗi na sabunta haƙƙin a 2010, wasannin suka koma SuperSport, shi kuma ya mutu a 2011. Cutar da ta kashe su ita ce ta kashe Setanta. Ana biyan kuɗin haƙƙi ne tun kafin a tara masu kallo, kwantiragin shekara uku ne kacal, kuma wanda ba shi da wata sana'ar da za ta riƙe shi kafin riba ta fara shigowa ba ya kai labari.

Abokin hamayyar da ya girgiza Sky da gaske yana da wannan sana'a. BT, tsohon kamfanin tarho na gwamnatin Birtaniya, ya shiga gwanjon 2012 ne saboda Sky ya fara sayar da layin intanet tun 2006 yana haɗa shi da ƙwallo, yana ɗebe masa abokan ciniki. BT ya biya fam miliyan 738 kan wasa 38 a kaka, ya bai wa masu amfani da intanet ɗinsa tashar kyauta, jimillar gwanjon ta kai biliyan 3. A Nuwamban 2013 ya ƙwace gasar Zakarun Turai gaba ɗaya kan miliyan 897. Tayin gwanjon Firimiya a rufe ake miƙa shi, babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta, kuma Sky ya shiga na Fabrairun 2015 a tsorace. Ya rubuta fam biliyan 4.176, BT ya rubuta miliyan 960, jimilla biliyan 5.136 na shekara uku, kan wasa 168 a kaka. Wannan ne ya kai wasa ɗaya sama da miliyan 10. Sau biyu a jere farashin yana ƙaruwa da kashi 70 cikin 100. Mafi yawan kuɗin bai zauna a asusun ƙungiyoyi ba, ya wuce zuwa albashin 'yan wasa da la'adar dillalansu, domin su ma ƙungiyoyin suna nasu gwanjon a kan 'yan wasa ƙalilan.

A Disamban 2017 Sky da BT suka sasanta, kowa ya yarda ya riƙa sayar da tashoshin ɗan'uwansa. Wata biyu bayan haka aka yi gwanjo, farashi ya faɗi a karon farko cikin shekaru masu yawa, kashi biyar suka tafi kan biliyan 4.46, kashi biyu kuma suka rasa mai taya su yadda ake so.

Shugabannin gasar sun daɗe suna kwaɗaita wa tsofaffin tashoshi tsoron manyan kamfanonin intanet, cewa wata rana Amazon ko Apple ko Netflix za su zo da dukiyar da ta ninka ta Sky sau da yawa su kwashe komai. Amazon ya zo a 2018, amma da ƙaramin cokali. Ya ɗauki ɗaya daga cikin kason da suka yi kwantai, wasa 20 a kaka, mafi yawansu a watan Disamba, lokacin da Turawa ke sayayyar Kirsimeti. Ƙwallon ƙugiya ce ta jawo mutum ya yi rajistar Prime, idan ya shiga sai ya sayi takalmi da tukunya. Kamfanin ya lissafa abin da wannan ya cancanta, bai ƙara ko sisi ba. Ya riƙe wasannin shekara shida, da aka zo gwanjon Disamban 2023 kuma bai ɗauki komai ba. An shelanta fam biliyan 6.7 a matsayin adadin da ba a taɓa samu ba, amma na shekara huɗu ne maimakon uku, kuma wasannin sun ƙaru zuwa kusan 270 a kaka, Sky da aƙalla 215, TNT Sports, magajin tashar BT, da 52. Idan aka raba, wasa ɗaya ya sauko zuwa miliyan shida da 'yan kai. Shi kansa Sky ya bar hannun Murdoch tun 2018, lokacin da Comcast na Amurka ya saye shi.

Faransa ta nuna abin da ke faruwa idan mai kaya ya bi tayi mafi tsoka ido rufe. A 2018 hukumar gasarta ta juya wa Canal+ baya bayan sama da shekara 30 suna tare, ta sallama wa Mediapro na Sifaniya mafi yawan wasanni kan sama da yuro miliyan 800 a shekara. Mediapro ya buɗe tasha a Agustan 2020, ya daina biya a Oktoba, aka raba gari a Disamba. Amazon ya tsinci wasannin kan yuro miliyan 250 a shekara. DAZN ya karɓa a 2024 ya saki bayan kaka ɗaya, a 2025 kuma gasar ta buɗe tasharta da kanta tana neman masu biya kai tsaye.

Abin da ya kare Firimiya daga irin wannan faɗuwa shi ne masu kallo na ƙetare. A 1992 kuɗin da ake samu daga wajen Birtaniya bai taka kara ya karya ba, shi ya sa manyan ƙungiyoyi suka yarda a raba shi daidai wa daida ba tare da gardama ba. Da ya yi kauri sai suka dawo suka nemi a sake lale, kuma daga 2019 aka fara raba ƙarin da aka samu bisa matsayi a tebur. NBC na Amurka, wanda ya fara da dala miliyan 250 na shekara uku a 2013, ya amince a 2021 zai biya kusan dala biliyan 2.7 na shekara shida. A zagayen 2022 zuwa 2025 kuɗin ƙetare ya zarce na cikin gida a karon farko.

Wani ɓangare na wannan kuɗi daga rumfunan kwano na unguwannin Najeriya da Nijar da Gana yake fitowa, naira-naira da sefa-sefa. Da kuɗin waje ake sayen haƙƙin, da kuɗin gida ake karɓar na wata, don haka tun da darajar naira ta zube a 2023 MultiChoice ya yi ta ƙara farashi, ya kuma rasa sama da masu biya miliyan guda a Najeriya cikin shekara biyu. Da yawansu sun koma kallo a waya ta shafukan satar fasaha, abokin hamayyar da ba ya halartar gwanjo. A 2025 Canal+, wanda ke nuna gasar a Yamai da Maraɗi da Damagaram, ya karɓe ikon MultiChoice, kasuwannin Afirka masu Faransanci da masu Ingilishi suka koma ƙarƙashin inuwa ɗaya. Ƙungiyoyin gida kuwa ba su taɓa samun masu saye biyu da ke tsoron juna ba. Kano Pillars ta ɗauki kofin Najeriya sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, amma har yau ya fi sauƙi ga mutumin Fagge ya kalli wasan Burnley a waje da ya kalli na Pillars a Aba.

Dokar Bob Lord tana nan ba a soke ta ba. Ranar Asabar da ƙarfe uku agogon Ingila, wanda yake daidai da ƙarfe uku a Kano daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, ƙarfe huɗu kuma a watannin hunturu, babu tashar da ke da izinin nuna wasan kai tsaye a Ingila, komai yawan kuɗin watan da mutum ya biya. Mazaunin Burnley da bai samu tikiti ba sai dai ya kunna rediyo, ko ya jira Match of the Day da dare. A daidai wannan lokaci, a wata rumfa da ke bayan kasuwar Sabon Gari, an tayar da janareta, an rubuta sunayen ƙungiyoyin da alli a jikin allo, yaron da ke bakin ƙofa yana karɓar kuɗi yana ba da canji.